Juan Soto da agogon shekara shida: yadda ake cinikin 'yan wasa a besbol na Amurka

Ranar 2 ga Agusta 2022 ƙungiyar Washington Nationals ta rabu da Juan Soto yana ɗan shekara 23, a lokacin da da wuya a nuna wani matashi da ya fi shi iya bugu a gasar besbol ta Amurka, wato MLB. Lafiyarsa ƙalau, kuma shekara uku kafin nan da shi aka ci wa birnin kofin World Series, wato karawar ƙarshe ta gasar, na farko a tarihin ƙungiyar. Duk da haka ta miƙa shi ga San Diego Padres. Bayan wata 16 ita ma Padres ta tura shi New York Yankees. Da shekara ta zagayo ya tsallaka wurin maƙwabciyarta New York Mets a kan dala miliyan 765 na shekara 15, kwantiragin da ba a taɓa ganin irinsa ba a kowane wasa. Riga huɗu ke nan cikin ƙasa da shekara biyu da rabi, kuma magoya baya da dama sun zarge shi da kwaɗayi. A ganina zargin bai tsaya da ƙafafunsa ba, domin biyu daga cikin tafiye-tafiyen uku ba a ma nemi shawararsa ba.

Wanda ya saba da kasuwar 'yan ƙwallon Turai zai fara tambayar nawa Padres ta biya. A 2017 PSG ta zube yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar daga Barcelona, kowa ya gane wannan lissafin. A MLB ba haka ake yi da manyan 'yan wasa ba. Musaya ake yi, ba ni gishiri in ba ka manda: ka ba ni gwaninka, in ba ka matasan da nake raino. Kwantiragin mutum yana bin sa sabuwar ƙungiya yadda yake, sai dai kawai a kira shi ofis ko a buga masa waya a ce ya haɗa kayansa. Masu ikon cewa ba su yarda ba su ne waɗanda suka sa wannan sharaɗi a kwantiraginsu, da waɗanda suka yi shekara 10 a gasar, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya. Abin da ke yanke farashin ɗan wasa a wannan kasuwa, bayan iyawarsa, shi ne yawan shekarun da suka rage kafin ya samu 'yancin kansa.

Wannan 'yanci da gumi aka same shi. Kusan shekara ɗari akwai wani sakin layi a kwantiragin kowane ɗan wasa da ya ɗaure shi ga ƙungiyarsa har sai ta gaji da shi. A ƙarshen 1969 St. Louis Cardinals ta yi musayar Curt Flood, baƙar fata da ya yi mata shekara 12, zuwa Philadelphia. Flood ya ƙi tafiya, ya rubuta wa shugaban gasar cewa shi ba kaya ba ne da za a saya a sayar ba tare da yardarsa ba. Ya kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, ya sha kaye a 1972, sana'arsa kuma ta mutu a wannan gwagwarmaya. Sai a Disambar 1975 wani mai sasantawa, Peter Seitz, ya yanke hukunci a kan 'yan wasa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, cewa ɗaurin na shekara guda ne kacal. A 1976 ƙungiyar kare haƙƙin 'yan wasa, ƙarƙashin Marvin Miller, ta zauna da masu ƙungiyoyi aka tsaya a kan shekara shida. Miller ya san abin da yake yi. Da kowa zai fito kasuwa duk shekara, kaya za su yi yawa farashi ya karye. In kuwa 'yan ƙalilan ne ke fitowa, masu kuɗi za su yi ta rububinsu.

Ga yadda agogon yake tafiya a yau. Ana ƙirga wa ɗan wasa kwanakin da ya yi a babbar tawaga mai mutum 26, kwana 172 su ne shekara ɗaya. Galibi shekara uku na farko ƙungiya ce ke yanka masa albashi yadda ta ga dama, muddin bai gaza mafi ƙarancin da aka amince ba, wanda ya kai dala 760,000 a 2025. Daga nan sai shekarun sasantawa: ɗan wasa ya kawo adadinsa, ƙungiya ta kawo nata, alƙalai uku su saurari kowa su zaɓi ɗaya daga cikin biyun, babu raba tsakiya. Zama ne marar daɗi, domin mutum yana zaune lauyoyin ƙungiyarsa za su riƙa lissafa gazawarsa, shi ya sa akasari ake daidaitawa kafin a kai ga haka. Sai ya cika shekara shida cif sannan zai iya sauraron tayin kowa.

Kalmar cif ɗin nan tana da nauyi. A 2015 Chicago Cubs tana da wani matashi, Kris Bryant, wanda kowa ya ga ya isa shiga babbar tawaga tun wasannin share fage. Aka bar shi a ƙaramin rukuni har 17 ga Afrilu. Da aka ƙirga a ƙarshen kaka sai ga shi da kwana 171, saura kwana guda ya cika shekara. Wannan kwana ɗayan ya ba Cubs ƙarin kaka sukutum a kansa. Ya shigar da ƙorafi, aka yi ta jan ƙafa har 2020, ya rasa. Doka ta ba ƙungiyar gaskiya, amma duk mai adalci ya san an ci haƙƙin yaron nan.

Soto ɗan birnin Santo Domingo ne a Jamhuriyar Dominika. Nationals ta ɗauke shi a 2015 yana ɗan shekara 16 da ladan sa hannu dala miliyan 1.5. Ya shiga babbar tawaga a watan Mayun 2018 yana da shekara 19, kuma da yake kaka ta riga ta yi nisa, wannan shekarar ba ta cika masa ba, sai 'yancinsa ya koma ƙarshen 2024. Baiwarsa ita ce ido. Yana gane ƙwallon da za ta kauce tun tana barin hannun mai jifa, ya ƙyale ta ta wuce, ya share ƙasa da ƙafa yana kallon mai jifan ido cikin ido. In aka jefa masa huɗu a karkace ya taka kyauta zuwa tasha ta farko cikin ukun da mai bugu ke bi kafin ya dawo gida ya ci maki, in aka kawo masa daidai ya make ta. A wasan farko na zagayen fitar da gwani na 2019, Milwaukee na gaba da 3 da 1 a zagaye na takwas, mutum uku na tsaye a tashoshi, Soto ya buga ƙwallon mai jifansu Josh Hader zuwa ɓangaren dama, ta kuɓuce wa mai tsaron wurin, Trent Grisham, duka ukun suka shigo gida. Daga wannan daren Washington ta kama hanyar kofi. (Hader da Grisham duk sun zama abokan wasansa a San Diego daga baya, Grisham ma tare aka haɗa su zuwa Yankees.) Albashin Soto a shekarar bai kai dala 600,000 ba. Da ya shiga shekarun sasantawa ya tashi zuwa miliyan 8.5 a 2021, sai 17.1 a 2022, sai 23, sai 31 a 2024. Kuɗi ne masu yawa ga kowane ɗan Adam, amma a ma'aunin abin da yake kawowa, ƙungiyoyin da suka riƙe shi sun ci riba mai kauri.

A tsakiyar 2022 labari ya fita cewa Nationals ta yi masa tayin dala miliyan 440 na shekara 15, ya ƙi. In aka raba, bai kai miliyan 30 a shekara ba, kuma a lokacin akwai masu karɓar fiye da haka. Wakilinsa Scott Boras ya yi suna wajen kai mutanensa kasuwa maimakon su sa hannu da wuri. Ga shi iyalan Lerner, masu ƙungiyar, sun riga sun sanar cewa suna duba yiwuwar sayar da ita, ga tawagar da ta ci kofi ta watse. Wa zai ɗaure kansa shekara 15 a gidan da bai san wanda zai mallake shi gobe ba? Shi kuwa Mike Rizzo, mai kula da cinikin 'yan wasan Nationals, lissafinsa a fili yake. Saura kaka biyu da rabi Soto ya tafi, ƙungiyar ba za ta ci komai a wannan tsakanin ba, kuma duk watan da ya wuce darajar abin da ke hannunsa raguwa take yi. Ya haɗa Soto da Josh Bell ya karɓo mutum shida: CJ Abrams, MacKenzie Gore, James Wood, Robert Hassell, Jarlin Susana da Luke Voit. Biyar daga cikinsu matasa ne da agogonsu bai fara ba ko bai yi nisa ba.

A.J. Preller, takwaransa na Padres, ya biya wannan farashi ne domin yana sayen damar shiga zagayen fitar da gwani sau uku da Soto a hannu. Ta farko ta yi kyau: sun fitar da Mets, sun fitar da Los Angeles Dodgers mai nasara 111, kafin Philadelphia ta tare su. Ta biyu ta lalace. A 2023 Soto ya buga duka wasanni 162, ya fitar da ƙwallo bayan katanga sau 35, amma ƙungiyar ta ƙare da nasara 82 da rashin nasara 80, ba ta tsallake ba. A cikin shekarar kamfanin da ke nuna wasanninta a talabijin ya daina biya, a watan Nuwamba kuma mai ƙungiyar, Peter Seidler, wanda shi ne ke sakin kuɗi ba ƙyashi, ya rasu. Dole aka rage kashe kuɗi, dama ta uku kuma aka sa ta a kasuwa.

A nan ake ganin yadda agogo ke cin farashi. Da saura shekara ɗaya, kuma da albashin da ya haura miliyan 30, Yankees ta ba da mutum biyar ta karɓi Soto da Grisham: masu jifa huɗu, Michael King, Drew Thorpe, Jhony Brito da Randy Vásquez, da mai tare ƙwallo Kyle Higashioka. Kaya ne masu amfani, sai dai ba su kama ƙafar abin da Washington ta samu ba. Preller ya juya su da wayo. A watan Maris 2024 ya saka Thorpe cikin wata musayar ya ɗauko Dylan Cease daga Chicago White Sox, King ya zama ɗaya daga cikin amintattun masu fara jifa, Padres ta ci wasa 93 ba tare da Soto ba.

Yankees ta san haya ta ɗauka, kuma hayar ta biya. Soto yana bugu babban mai bugun ƙungiyar, Aaron Judge, na biye da shi, masu jifa suka rasa wanda za su guje wa. Ya fitar da ƙwallo bayan katanga sau 41, Judge sau 58. Ranar 19 ga Oktoba 2024 a Cleveland, wasa ya kai zagaye na goma ana 2 da 2, an riga an sallami masu bugun Yankees biyu, saura ɗaya damarsu ta zagayen ta ƙare, mutum biyu na kan tashoshi. Mai jifan Cleveland, Hunter Gaddis, ya yi ta jefo masa masu lanƙwasa da masu rage gudu, Soto yana taɓa su gefe ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai, yana jiran wadda yake so. A jifa na bakwai aka kawo masa mai sauri a sama, ya aika ta bayan katangar tsakiya. Wannan bugun ya kai Yankees World Series karon farko tun 2009. Dodgers ta doke su 4 da 1, kuma da gasar ta ƙare agogon Soto ya cika. Abin da Yankees ta samu da ya tafi shi ne gurbi guda a zaɓen matasa na shekara-shekara, can bayan zagaye na huɗu. Daga mutum shida, zuwa biyar, zuwa gurbi ɗaya, alhali Soton nan dai shi ne, ƙara gogewa ma ya yi.

Wanda ke ganin Rizzo ya yi gaggawa ya dubi Los Angeles Angels. A tsakiyar 2023 tauraronsu Shohei Ohtani na da sauran wata biyu kacal a hannunsu. Suka ƙi sakin sa, suka ma ba da matasansu suka ƙaro 'yan wasa don su gwada sa'a. Ƙungiyar ta rufta, ta ƙare da nasara 73, Ohtani ya koma Dodgers, aka bar su da gurbin zaɓe. Ba wan ba ƙanen. Na fahimci abin da ya sa suka yi hakan, domin babu mai son a rubuta cewa shi ne ya sayar da mutumin da ke jifa kuma yake bugu a matakin da ba a gani ba tun zamanin Babe Ruth. Amma magoya bayansu ne suka biya kuɗin wannan kunyar.

Me ya kai farashin Soto miliyan 765? Shekarunsa ne kan gaba. Yawancin 'yan wasa sai sun kusa 30 suke fitowa kasuwa, mai saye yana biyan ƙarshen ƙuruciyarsu da farkon tsufansu. Soto ya fito yana da 26, saboda ya fara da wuri. Sai kuma masu neman: an ruwaito Yankees ta kai miliyan 760 na shekara 16, ga Steve Cohen, attajirin da ya sayi Mets a 2020 a kan kusan dala biliyan 2.4, wanda ba ya ɓoye cewa kofi yake nema ko nawa zai ci. An ba Soto miliyan 75 ladan sa hannu, an kuma ba shi damar ficewa bayan kakar 2029, sai fa in Mets ta ƙara miliyan 4 a kan albashin kowace shekara cikin goman da suka rage, abin da zai kai jimillar 805. Tsakanin tayin da ya ƙi a Washington da wanda ya karɓa akwai fiye da dala miliyan 300. Ya ɗauki kasadar rauni na kaka biyu da rabi, kasadar ta fisshe shi.

Ana yawan jera wannan adadi da miliyan 700 na Ohtani kamar kusan ɗaya suke, alhali da tazara. Dodgers tana ba Ohtani miliyan 2 ne kawai a shekara har shekara goma, sauran 680 sai daga 2034 zuwa 2043, ba tare da ruwa ba. Dalar da za a ba ka nan da shekara 15 ba ta kai ta yau ba, don haka gasar ta kimanta kwantiragin a kan kusan miliyan 46 a shekara. Na Soto babu jinkiri ko na sisi. Dalilin da ƙungiyoyi ke son jinkirin yana da alaƙa da haraji. MLB ba ta da rufin albashi irin na ƙwallon kwando ko ƙwallon Amurka, abin da take da shi layi ne, dala miliyan 241 a 2025. Wadda jimillar albashinta ta haura za ta biya kashi 20 cikin 100 na rarar a shekarar farko, 30 a ta biyu, 50 a ta uku a jere, da ƙarin tara in ta yi nisa. Matakin ƙarshe, na wadda ta wuce da miliyan 60, an ƙirƙiro shi a 2022 har ana kiran sa harajin Cohen, kuma yana kai wa kashi 110. Ga ƙungiyar da ke can sama, duk dala ɗaya da ta ƙara wa albashi dala biyu da 'yan kai ce ke fita daga aljihunta.

Sai kuma abin da fili ya nuna, wanda ya kamata ya sa masu hasashen farkon kaka su riƙa sassauta murya. A 2024, babu Soto, Mets ta ci wasa 89 ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A 2025 Soto ya fara da sanyin jiki, daga baya ya warware ya fitar da ƙwallo bayan katanga sau 43, fiye da duk abin da ya taɓa yi. A tsakiyar Yuni babu ƙungiyar da ta kai Mets yawan nasara. Daga nan masu jifanta suka yi ta faɗuwa, wasu rauni wasu gajiya, ta ƙare da 83, aka fitar da ita a ranar ƙarshe ta kaka. Yankees kuwa ta ɗauki kuɗin da ta tanadar wa Soto ta rarraba, ta ba mai jifa Max Fried miliyan 218 na shekara takwas, ta kawo Cody Bellinger da Paul Goldschmidt, ta sake cin wasa 94 kamar a 2024. Tsarin wasan ne ya gaji haka. Mai bugu, komai gwanintarsa, layi yake bi cikin mutum tara, sau huɗu ko biyar zai riƙe sanda a wasa, kuma ba shi da ikon karɓar ta a lokacin da aka fi bukatarsa sai in layin ya zo kansa. Ohtani da wani babban gwanin, Mike Trout, sun yi kaka shida tare a Angels ba su taɓa kammala ko ɗaya da nasara fiye da rashin nasara ba.

Ita ma Washington ba ta tsira ba. Musayar ta yi albarka: an zaɓi Abrams cikin taurarin gasar a 2024, Wood da Gore a 2025. Amma ƙungiyar ta ci 55 a 2022, 71 a 2023, 71 a 2024, 66 a 2025, kuma a watan Yulin 2025 aka sallami Rizzo tare da koci Dave Martinez. Laifin da nake gani a nan na masu ƙungiyar ne. An karɓo matasa masu arha, sannan aka ƙi kashe kuɗin da aka tara wajen kewaye su da ƙwararru. Agogon waɗannan matasa kuma yana tafiya kamar yadda na Soto ya tafi, ranar da za a fara tambayar ko a sayar da su tana matsowa. Mai sayen tikiti a Washington an ce masa ya yi haƙuri a 2022, kuma har ƙarshen kakar 2025 haƙurin ake ba shi.

Yarjejeniyar da ke tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa an yanka mata wa'adin ƙarewa ranar 1 ga Disamba 2026. Wadda ta gabace ta da ta ƙare a 2021 sai da aka rufe harkar gasar kwana 99. Wasu masu ƙungiyoyi suna nuna kwantiragin Soto da tarin taurarin Dodgers, wadda ta ci kofi a 2024 da 2025, a matsayin hujjar a kafa rufin albashi. 'Yan wasa sun daɗe da cewa ba za su taɓa yarda ba, a kan wannan batu ne aka yi yajin aikin 1994 da ya sa ba a buga World Series ba a shekarar. Giɓin da ke tsakanin manyan birane da ƙanana gaskiya ne, musamman yanzu da kuɗin talabijin na ƙananan ya ragu. Amma duk gyaran da zai taɓa abin da ɗan wasa ke samu bayan shekara shida, bai taɓa abin da ake hana shi a cikin shidan ba, kuma bai tilasta wa masu ƙungiyoyin da ke ƙin kashe kuɗi wani mafi ƙarancin adadi ba, 'yan wasa suna da hujjar ƙin sa hannu a kansa.